WAEC da NECO: Sanin yadda ake amsa tambaya ma darasi ne, ya kamata a koyar da shi a aji

Duk shekara, da zarar jadawalin jarrabawar WAEC ya fito, gidajen da ke da ɗan aji shida na sakandare sukan shiga wani hali. Iyaye na fafutukar cika kuɗin rajista, yara na kwana da littafi a hannu, masu sayar da "amsoshi" a WhatsApp da Telegram kuma na baza kolinsu. Bayan an gama WAEC a shiga NECO, sai kuma zaman jiran sakamako.

Abin da kowa ke nema sananne ne: kiredit biyar, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Wanda bai samu ba, ko makinsa na JAMB ya kai nawa, babu jami'ar da za ta ɗauke shi. Ga ɗan talaka, faɗuwa na nufin asarar shekara guda da sake neman kuɗin rajista. Ga 'ya mace a gidaje da yawa, faɗuwa sau ɗaya kan zama ƙarshen karatun baki ɗaya.

Idan sakamako ya yi muni, akan ɗora laifin a kan ƙarancin malamai, cunkoso a aji da lalacin ɗalibai. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma akwai wani giɓi da ba a cika maganarsa ba, alhali shi ne mafi sauƙin toshewa: dubban yara na shiga ɗakin jarrabawa ba tare da an taɓa nuna musu yadda takardar take, yadda ake raba maki, da yadda ake raba lokaci ba. Suna asarar makin abin da suka sani. Wannan asara ce da makaranta za ta iya hanawa ba tare da an gina ko aji ɗaya ba.

Abin da 2025 ta nuna

Jarrabawar WAEC ta 2025 ta bar darasi. A wannan shekarar hukumar ta sassauya jerin tambayoyin zaɓi, waɗanda ɗalibai ke kira "obj", a darussan Turanci, Lissafi, Bayoloji da Tattalin Arziki. Wato tambaya ta biyar a takardar wannan ɗalibi ba lallai ta zama ta biyar a takardar na kusa da shi ba. Wanda ya saba leƙen maƙwabci ya kwafi A, C, B, D, ya kwafi abin da ba zai amfane shi ba.

Ɗalibai kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar. Da aka fitar da sakamako a farkon watan Agusta, kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai aka ce sun sami kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta amsa cewa an yi kuskure wajen makin takardun da aka sauya wa jeri, ta gyara alƙaluman zuwa kashi 62.96. Ko bayan gyaran, adadin bai kai na 2024 ba, lokacin da kashi 72.12 suka yi nasara.

A shekarar ce kuma, ranar 28 ga Mayu, ɗalibai a wasu jihohi suka rubuta takardar Turanci da daddare, wasu da hasken tocila, bayan jinkirin da hukumar ta danganta da ƙoƙarinta na hana fitar tambayoyi. Hukumar na da nata laifin a duka biyun, kuma ta nemi afuwa. Sai dai alkiblar da aka dosa a bayyane take. WAEC ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu zama na kashin kansu tun 2024, kuma a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya bayyana aniyar gwamnatin tarayya ta mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta. Ko an yi hakan da wuri ko an jinkirta, ƙofar satar amsa sai ƙara tsukewa take. Abin da ɗalibi zai dogara da shi shi ne abin da ke kansa da iya fitar da shi a kan lokaci.

A fara da sanin takardar

Takardar WAEC ba gaibu ba ce. Tsarinta na cikin manhajar da hukumar ke wallafawa, kuma ba ya yawan sauyawa.

A Turanci, akwai tambayoyin zaɓi 80 cikin awa ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne: daƙiƙa 45 ga kowace tambaya. Ɗalibin da ya tsaya minti uku yana kokawa da tambaya guda ya cinye lokacin wasu uku da wataƙila ya san amsarsu.

Takardar rubutu awa biyu ce, maki 100: insha'i na da 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Yara da yawa kan ƙarar da ƙarfinsu a insha'i, su iso sashen taƙaitawa saura minti goma, alhali makinsa ya fi na auna fahimta. Sannan akwai takarda ta uku, ta furuci, mai tambayoyi 60 cikin minti 45, wadda a makarantu da dama ba a koyar da ita sai jarrabawa ta ƙarato.

A Lissafi, tambayoyin zaɓi 50 ne cikin awa ɗaya da rabi. Takarda ta biyu awa biyu da rabi ce: tambayoyi biyar na dole masu maki 40, sai wasu takwas da ake zaɓar biyar daga ciki, masu maki 60. Wato tambaya goma cikin minti 150, kusan minti 15 ga kowace. Ɗalibin da ya san haka zai shiga da shiri. Wanda bai sani ba zai ɓata minti arba'in a tambayar farko mai maki takwas, ya bar biyu masu maki goma sha biyu-biyu ko taɓawa bai yi ba.

Wannan bayani bai fi na darasi ɗaya ba. Abin tambaya shi ne, a makarantun gwamnati nawa ake yin wannan darasin?

Yadda mai maki ke tunani

Malaman da ke duba takardu ba da son ransu suke ba da maki ba. Akwai jagorar da hukuma ke ba su, kuma sanin ta riba ce.

A Lissafi ana ba da maki ga hanyar da aka bi, ana kuma ba da maki ga amsar ƙarshe. Ɗalibin da ya rubuta ƙa'idar da ta dace, ya sa alƙaluma a gurabensu, sannan ya yi tuntuɓe a ƙarshe, zai tsira da wani abu. Wanda ya yi aikin a gefen takardar tambaya ya kawo amsa tsurarta cikin littafin amsa zai iya rasa makin ko da amsar daidai ce. Don haka kowane mataki a rubuta shi, kuma kada a manta da ma'auni: mita ce, kilo ne, ko naira.

A insha'in Turanci makin 50 kashi huɗu ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya bayani, 10 na tsaftar rubutu daga kurakuran nahawu, harafi da alamomin tsayawa. A wannan kashi na ƙarshe, kowane kuskure na cin rabin maki. Kuskure ashirin sun share goman baki ɗaya. Ke nan gajerun jimloli masu tsafta sun fi dogayen da aka cika da manyan kalmomin da ɗalibi bai san yadda ake jera su ba. Ana son kalmomi 450, kuma wanda ya rubuta rabin haka ya rage wa kansa maki tun kafin a karanta. Ya kamata ɗalibi ya san tun a gida layi nawa rubutunsa ke ci kafin ya cika 450, don kada ya zauna ƙirga kalmomi a ɗakin jarrabawa.

Wasiƙa zuwa ga hukuma na da siffarta, wasiƙa zuwa ga aboki na da tata, haka muhawara da jawabi. Wanda ya rubuta wa kwamishina wasiƙa kamar yana gaisawa da abokin wasansa ya zubar da makin tsari. A taƙaitawa kuma, kwafe jimlar marubuci yadda take laifi ne da ake hukuntawa. Idan an ce a amsa cikin jimloli uku, jimloli uku cikakku ake so, da kalmomin ɗalibi.

WAEC na wallafa rahoton manyan masu duba jarrabawa a shafinta na intanet, kyauta, darasi bayan darasi. A ciki ana bayyana inda ɗalibai suka yi ƙoƙari da inda suka faɗi, kuma ƙorafe-ƙorafen kan maimaita kansu: rashin bin umarni, rashin fahimtar tambaya, mummunan rubutun hannu, da raunin Turanci. Duk malamin aji shida da ke da waya a hannu ba shi da uzurin rashin karanta rahoton darasinsa.

Makarantar allo ta riga kowa

Yadda yawancin ɗalibai ke bita shi ne su buɗe littafi su karanta, su sake karantawa, su ja layi a ƙarƙashin jimloli. Ido ya saba da shafin, sai zuciya ta ɗauka an iya. Ranar jarrabawa, da littafi ba ya nan, sai kai ya ɗau zafi.

Masana halayyar koyo sun daɗe da auna wannan. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a Amurka sun gwada ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu kuma aka sa su rufe shi su rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, waɗanda suka gwada kansu sun fi riƙe abin da suka karanta. A 2013, John Dunlosky da abokan aikinsa sun yi nazarin hanyoyin bita guda goma. Biyu ne suka fito a sama: gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a kan kwanaki maimakon tara ta a dare ɗaya. Maimaita karatu da jan layi suna cikin waɗanda aka ce amfaninsu kaɗan ne.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan a aikace. Malam ba ya barin almajiri ya wanke allo don kawai ya ce ya karanta. Sai ya kawo haddar da ka, an saurara, an gyara. Mahaddaci kuma ba ya barin abin da ya haddace ya kwanta, kullum yana tilawar baya, don ya san abin da ba a waiwaya ba guduwa yake yi. Abin mamaki shi ne yaron da ke bin wannan tsari a Islamiyya da yamma, shi ne da safe ke karanta Bayoloji kamar jarida.

Yadda za a mayar da wannan kan karatun boko ba wuya. A karanta babi, a rufe littafi, a rubuta abin da aka tuna, sannan a buɗe a ga abin da ya tsere. A koma wa babin bayan kwana biyu, sannan bayan mako. A nemi tambayoyin shekarun baya a amsa su da agogo a gaba, ba tare da leƙa amsar da ke bayan littafin ba. A ware ƙaramin littafi na kurakurai, duk tambayar da aka faɗi a rubuta ta da dalilin faɗuwar. Makon ƙarshe, wannan ƙaramin littafin ya fi kowane babban littafi amfani.

Tambayoyin baya suna nuna salon tambaya da batutuwan da ke yawan dawowa. Haddace amsoshinsu kuwa tarko ne, domin da an sauya alƙalami ɗaya a tambayar Lissafi, mai hadda ya ɓata.

A cikin ɗakin jarrabawa

Minti biyar na farko na karanta umarni ne. Tambaya nawa za a amsa? Daga wane sashe? Wacce ce ta dole? Ɗalibin da ya amsa huɗu daga sashen da aka ce a amsa biyu ya yi aikin banza, kuma ya rasa lokacin wani sashen.

Kalmar da tambaya ta fara da ita ita ce ke faɗin girman amsar. Idan an ce a lissafo, jeri ake so. Idan an ce a yi bayani, jeri kaɗai ba zai ci cikakken maki ba. Idan an ce a bambanta abu biyu, sai an nuna ɓangarorin biyu. Ga yaron da Hausa ce harshensa na gida da na wasa, waɗannan 'yan kalmomin umarni na Turanci sun cancanci darasi na musamman, domin sau da yawa ya san abin, tambayar ce bai gane ba.

A fara da tambayar da aka fi iyawa, a rubuta lambarta daidai. Hakan na kwantar da hankali, yana kuma tabbatar da makin da ke hannu. A tambayoyin zaɓi, a bi su zagaye biyu: na farko a amsa masu sauƙi a yi wa masu wuya alama, na biyu a dawo kansu. Ba a cire maki don an zaɓi amsar da ba daidai ba, saboda haka barin gurbi fanko asara ce. A WAEC zaɓi huɗu ne, a NECO biyar. Wanda ya iya fitar da biyu da ya tabbatar ba su ba ne daga cikin huɗu, ya mayar da damarsa rabi da rabi.

Sai ƙananan abubuwan da ke kayar da manyan ɗalibai. Fensirin HB ake so a takardar zaɓi, domin na'ura ce ke karanta ta. Idan an goge, a goge sosai. Duk bayan tambaya goma a duba ko lambar da ake cikewa ta yi daidai da ta tambayar, saboda tsallake layi ɗaya na iya rusa duk abin da ya biyo baya. A tabbatar an rubuta suna da lambar jarrabawa daidai. A bar minti goma na ƙarshe don bin aiki.

Daren jarrabawa kuma na barci ne. Kwana ana shan shayi da kofi ana tura babi goma a kai ba ya haifar da komai sai ciwon kai da mantuwa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu cewa wannan koyar da wayo ne

Akwai malamai da masana da ke ganin mayar da hankali kan dabarun jarrabawa na rage darajar ilimi, yana mayar da makaranta wurin horar da masu cin maki. Damuwarsu na da tushe. Makarantar da ta ajiye manhaja tun aji huɗu ta koma tambayoyin baya kaɗai ta cuci ɗalibanta. Kuma babu dabarar da za ta ceci yaron da ya shekara uku ba malamin Lissafi, ko wanda bai taɓa ganin ɗakin gwaje-gwaje ba sai ranar jarrabawar aiki da hannu.

Amma a duba su wane ne ke samun waɗannan dabaru a yau. 'Ya'yan masu hali a makarantun kuɗi na yin jarrabawar gwaji sau da yawa, ana yi musu maki da irin jagorar WAEC, wasu malamansu ma su ne masu duba takardun hukumar. Ɗan makarantar gwamnati a ƙauye kan fara ganin takardar cike amsa ta na'ura ne ranar jarrabawa. Takarda ɗaya za a ba su, agogo ɗaya za a kafa musu. Hana na biyun abin da na farkon ke samu da sunan kare martabar ilimi ƙara faɗaɗa tazarar ne.

Ban da haka, karanta umarni da kyau, tsara amsa, nuna hanyar aiki da kiyaye lokaci abubuwa ne da ɗalibi zai buƙata a jami'a da wurin aiki. Gwada kai da tambayoyi kuwa, kamar yadda binciken ya nuna, shi kansa hanyar koyo ce.

Kuɗin da ake kai wa ɓarayin hanya

Abin takaici, iyaye da yawa sun yarda su kashe kuɗi, amma a wurin da bai dace ba. Ana cire yaro daga makarantarsu a kai shi wata cibiya a bayan gari inda aka yi alƙawarin "taimako", a biya ninkin kuɗin rajista. Wasu yaran kuma na tura kuɗin katin waya ga mutanen da ba su sani ba, su kwana suna jiran amsar da sau da yawa ta bogi ce.

Duk shekara WAEC da NECO na riƙe sakamakon ɗimbin ɗalibai bisa zargin maguɗi, suna kuma janye amincewarsu daga wasu makarantu. Idan aka kama cibiya, har wanda bai saci komai ba na iya shiga cikin matsalar. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri. Wanda ya tsallake duk wannan kuma, JAMB na jiransa a gaban kwamfuta, bayanta ga ajin farko na jami'a, inda A1 ɗin da aka saya ba ya amsa tambaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kaɗan daga cikin wannan kuɗin zai sayi littattafan tambayoyin baya na darussa tara, da fitila mai caji, har a biya malamin da zai duba insha'in yaro sau ɗaya a mako.

Aikin da ke gaban kowa

Jihohi irin su Kano na shirya jarrabawar tantancewa kafin su biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawar kammala sakandare. Tunda ana yin ta, bai kamata ta tsaya a matsayin rariyar rage kashe kuɗi ba. A mayar wa ɗalibai takardunsu, a zauna da su a nuna musu inda maki ya zube. Ma'aikatun ilimi na da malaman da ke zuwa makin WAEC da NECO duk shekara. A tara su, su horar da 'yan uwansu, ko da na kwana biyu ne a kowace shiyya.

Shugabannin makarantu su ware darasi ɗaya a mako ga 'yan aji shida don amsa tambayoyi a kan agogo, da takardar cike amsa irin ta ainihi, ko da hotonta aka buga. Inda akwai kwamfuta, a bar yara su taɓa ta tun yanzu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban unguwa, waɗanda kan tara kuɗin rajista, su haɗa da ajin bita na Asabar da Lahadi, ɗaliban jami'a da ke hutu su koyar.

Iyaye kuma, ko ba su yi boko ba, suna da rawar takawa. Uwa na iya riƙe agogo ta ce awa ɗaya ta cika. Uba na iya rage wa yaro zaman kasuwa ko aikin gona na 'yan makonni. 'Ya mace da ke shirin jarrabawa a sauƙaƙa mata talla da aikin gida, a ba ta lokaci irin wanda ake ba ɗan'uwanta.

Gyara makarantun gwamnati aiki ne na shekaru da biliyoyin naira, kuma dole a ci gaba da matsa wa hukumomi lamba a kansa. Amma yaran da ke aji shida bana ba za su jira ba. Abin da za a iya ba su kafin ranar da za a raba takardu shi ne sanin abin da za su tarar, da yawan gwaji har hannu ya faɗa. Addu'ar da iyaye ke yi musu ta fi dacewa da yaron da ya ɗaure raƙuminsa.